Bayani: Abin da ya kamata a yi idan man sanyaya furosesa ya malalo cikin kwamfuta

Idan kwamfuta ta fara ɗaukar zafi fiye da kima, fankarta na ƙugi ba tsayawa, ko kuma ta riƙa mutuwa da kanta ana tsakiyar aiki, abu na farko da masu gyara kan yi shi ne kakkaɓe ƙurar da ta taru a cikinta, sannan su sauya man da ake shafawa tsakanin furosesa da ƙarfen da ke tsotse mata zafi. Aiki ne da ba ya cin kuɗi mai yawa, kuma mutane da dama sun fara yin sa da kansu a gida. Sai dai sau tari da zarar an ɗaure ƙarfen, sai a ga man ya tsattsafo ta gefe, ya ɓata bakin furosesar, wani lokaci ma ya gangara har kan babban allon da ke ɗauke da sauran kayan kwamfutar.

A nan ne hankalin mai kwamfuta kan tashi, domin furosesa da babban allo suna cikin kayan da suka fi tsada a na'urar, kuma da kuɗin waje ake shigo da su. Amsar a taƙaice ita ce, yawancin man da ake sayarwa a yau ba ya ɗaukar wutar lantarki, don haka malalarsa ba ta ƙona komai. Ɓarnar da aka fi samu tana zuwa ne daga hannun mai gogewa: ya lanƙwasa allurar gurbin furosesa, ko ya ɓalle wani ɗan mitsitsin kafasito, ko ya zuba sinadarin da ke cin roba. Garin neman gira kuwa akan rasa ido. Saboda haka yana da kyau a san lokacin da gogewa ta zama dole, da lokacin da barin man a wurinsa ya fi, da kuma yadda ake aikin idan ya kama.

Aikin da man yake yi

Furosesa ita ce ƙwayar da ke yin duk lissafin kwamfuta, kuma kusan duk wutar da take sha tana komawa zafi. Manyan furosesoci na zamani suna shan wuta sosai. Core i9-13900K ta kamfanin Intel, alal misali, tana iya kaiwa wat 253 idan aiki ya yi nauyi, kuma duk wannan zafi yana fita ne ta wani murfin ƙarfe da bai wuce girman kwalin ashana ba. A kan wannan murfi ake ɗora ƙarfen tsotse zafi, wanda fanka ke hurawa ko kuma ruwa ke zagayawa ta cikinsa.

Ido yana ganin murfin furosesar da tafin ƙarfen sumul, amma a ƙarƙashin madubin ƙara girma kowannensu cike yake da ƙananan ramuka da kwaruruka. Idan aka haɗa su haka kawai, iska ce za ta cike ramukan, ita kuwa iska ba ta barin zafi ya ratsa ta. A ma'aunin da masana ke auna saurin wucewar zafi ta cikin abu, jan ƙarfe yana da kusan 400, alminiyam yana da sama da 200, iska kuwa 0.026 kacal. Man da ake shafawa, wanda masu gyara ke kira tamal fes, kamfanoni galibi suna rubuta masa tsakanin 4 da 13.

Waɗannan alƙaluma suna nuna abu biyu. Na farko, man ya fi iska sau ɗari da ɗoriya, shi ya sa ba a barin wurin babu shi. Na biyu, jan ƙarfe ya ninka man sau da yawa, shi ya sa ba a son ya yi kauri. Duk da sunan da ake kiran sa da shi, man ba ya sanyaya komai da kansa. Aikinsa kawai ya kori iska daga ramukan, ya bar zafi ya wuce zuwa ƙarfen.

Dalilin malalarsa

Ƙarfen tsotse zafi yana danne furosesa da ƙarfin sukurori da sufurin. Idan an ɗaure shi daidai, man da ke saura a tsakani ba ya kai kaurin takardar rubutu, sauran kuwa dole ya nemi hanyar fita ta gefe. Saboda haka ɗan siririn zobe na mai a bakin murfin alama ce cewa man ya bazu ya rufe ko'ina. Yawan mai ba ya ƙara wa furosesa zafi sosai matuƙar matsin ya isa, domin matsin zai fitar da rarar. Ƙarancinsa ne ya fi illa, don yana barin wani sashe na murfin a bushe.

Siffar wasu furosesoci ma tana taimaka wa malalar. Jerin Ryzen 7000 da kamfanin AMD ya fitar a watan Satumba na 2022 yana da murfi mai yanke-yanke a gefe, kuma a cikin waɗannan yankuna akwai ƙananan kafasitoci a fili. Man da ya tsattsafo yakan taru a can. Har ta kai kamfanin Noctua na ƙasar Ostiriya ya fitar da wani zoben roba mai suna NA-TPG1 da ake ɗorawa a kewayen murfin domin tare man.

A fara sanin irin man

Kafin a ɗauki ƙyalle, sai a duba jikin sirinjin man ko kwalinsa, domin irin man ne ke nuna girman haɗarin. Ana iya kasa shi gida uku.

Kashi na farko, kuma mafi yawa a kasuwa, shi ne wanda aka haɗa da garin sinadarai irin su zinki oksayid ko alminiyam oksayid a cikin wani mai mai yauƙi da ba ya saurin bushewa. Irin su Arctic MX-4 da MX-6 da Noctua NT-H1 da Thermal Grizzly Kryonaut duk suna wannan kashi, kuma wuta ba ta bi ta cikinsu.

Kashi na biyu shi ne mai ɗauke da garin azurfa, wanda Arctic Silver 5 ya fi shahara a cikinsa. Kamfanin da ke yin sa ya bayyana cewa ba ya ɗaukar wuta kai tsaye, amma yana iya riƙe ɗan caji kaɗan, don haka ya gargaɗi masu amfani da shi kada su bari ya haɗa hanyoyin wuta biyu da ke kusa da juna.

Kashi na uku shi ne ruwan ƙarfe, wanda yake ɗaukar wuta kamar waya, kuma ɗigo ɗaya a wurin da bai dace ba ya isa ya ƙona allo.

Launi ba ya nuna kashin da mai yake ciki, domin mafi yawan masu launin toka ba sa ɗaukar wuta. Idan kuwa man irin wanda ake sayarwa ne babu suna babu bayani a jikinsa, abin da ya fi aminci shi ne a ɗauke shi tamkar mai ɗaukar wuta, a goge duk inda ya taɓa.

Lokacin da gogewa ta zama dole

Idan man na kashin farko ne, kuma iyakarsa bakin murfin furosesa, kwamfutar tana tashi, zafinta daidai, to babu dalilin sake kwance komai. Ana iya barin sa har lokacin da za a sauya man gaba ɗaya.

Gogewa tana zama dole ne a halaye huɗu: idan man na kashi na biyu ko na uku ne kuma ya taɓa allo ko kafasito, idan ya shiga cikin gurbin furosesa, idan ya ɓata ƙasan furosesar inda take haɗuwa da gurbin, ko kuma idan ya yi yawan da zai riƙa kama ƙura, domin ƙura da laimar damina idan suka haɗu a kan allo suna iya buɗe wa wuta hanyar da ba tata ba.

Man da ba ya ɗaukar wuta ma yana da tasa matsalar idan ya shiga gurbi. Tun da wuta ba ta ratsa shi, yana iya shiga tsakanin allura da wurin da ya kamata ta taɓa, ya raba su. Sakamakon haka kwamfutar na iya ƙin tashi, ko ta tashi amma ta kasa ganin ɗaya daga cikin sandunan RAM da aka saka mata.

Akwai kuma ƙa'ida guda da ba ta da togiya: duk lokacin da aka ɗaga ƙarfen tsotse zafi daga kan furosesa, ko da leƙawa kawai aka yi, sai an goge tsohon man duka an shafa sabo, domin iska ta riga ta shiga tsakani.

Kayan aiki

Abin da ya fi dacewa da wanke man shi ne ruwan aisofurofil, wanda ake samu a shagunan kayan gyaran waya da kwamfuta da na kayan ɗakin gwaje-gwaje. A nemi mai ƙarfin kashi 90 cikin 100 zuwa sama, mai kashi 99 ya fi kyau, domin yana bushewa cikin ɗan lokaci ba tare da barin alama ba. Mai kashi 70 yana aiki a kan murfi da tafin ƙarfe, amma sauran kashi 30 ɗin ruwa ne, don haka yana buƙatar lokaci mai tsawo kafin ya bushe. Sifirit na kyamis wani yana da launi da wasu gauraye-gauraye da ke barin dauɗa, bai kamata a kai shi kan allo ba.

Fetur da kananzir da tina da man goge farce ba su da wuri a wannan aiki. Wasu suna barin maiƙo, wasu kuma suna narkar da robar gurbi da fentin da ke kare hanyoyin wuta. Haka ma ruwa da sabulu.

Sauran kayan sun haɗa da ƙyalle marar gashi irin na goge tabarau ko takardar tace kofi, da tsinken auduga na goge kunne, da tsinken sakace na itace, da tsohon katin roba, da sabon buroshin haƙori mai laushi, da tocila. Kyamarar waya tana taimakawa wajen ƙara girman abin da ido ba ya gani. Takardar tishu ba ta dace ba, don tana marmashewa ta bar gashi. Ba a kai wuƙa ko reza ko sukudireba kan furosesa, domin ƙarcewa ɗaya ta isa ta yanke hanyar wuta a kan allo.

Ruwan aisofurofil yana kama wuta da sauri. A yi aikin a ɗaki mai iska, nesa da risho da janareto da taba sigari.

Kafin a taɓa komai

Da farko a kwafe muhimman fayiloli zuwa wani wuri. Sannan a bar kwamfutar ta yi aiki na minti 10 zuwa 15 domin tsohon man ya yi laushi, a kashe ta, a zare wayarta daga bango ko daga inbata, a danna maɓallin kunnawa na 'yan daƙiƙoƙi don wutar da ta rage ta fita. Akwatin da ke raba wuta a cikin kwamfutar tebur ba a buɗe shi ko kaɗan, domin yana iya riƙe caji mai haɗari ko bayan an zare waya.

Abu na gaba shi ne lantarkin da ke taruwa a jikin mutum. Ɗan tartsatsin da mutum ke ji idan ya taɓa ƙofar mota ba ya jin sa sai ya kai kimanin bolt 3,000, alhali wasu ƙananan kayan lantarki ƙasa da bolt 100 ma yana iya lalata su. Wannan caji ya fi taruwa idan iska ta bushe, don haka lokacin hunturu ya fi kowane lokaci haɗari a arewacin ƙasar nan. A yi aiki a kan teburin katako, ba a kan kafet ko katifa ba, a guji rigar sanyi ta ulu ko ta leda, a riƙa taɓa ƙarfen akwatin kwamfutar kafin a taɓa allo. Wanda ke da igiyar hannu ta sauke caji sai ya ɗaura.

A ɗauki hoton yadda wayoyi suke, a zare wayar fanka, sannan a sassauta sukurorin kaɗan-kaɗan, daga wannan kusurwa zuwa wadda ke fuskantarta, har su saki tare. Kada a fizgi ƙarfen sama. A murɗa shi a hankali dama da hagu har man ya sake shi. Wannan ya fi muhimmanci a gurbin AM4 na AMD, inda allurai 1,331 ke jikin furosesar kanta, kuma busasshen mai yakan manne ta da ƙarfen har a tumɓuko ta daga gurbi, allurai su lanƙwashe.

Yadda ake gogewa

A bar furosesar a cikin gurbinta a kulle yayin da ake goge samanta. Zamanta a wurin shi ne kariyar allurai daga ƙyalle da kuma man da ake kwasowa.

A fara da busasshen ƙyalle. Idan aka fara da ruwan aisofurofil alhali man yana da yawa, zai tsinke ya zama ruwa-ruwa ya gangara inda ake gudun ya je. A kwashe mai yawan da gefen katin roba, a goge sauran, kuma kowace gogewa ta taso daga bakin murfi zuwa tsakiya, domin a janyo man daga gefe maimakon a tura shi can. A riƙa naɗe ƙyallen ana amfani da sashe mai tsabta.

Bayan haka sai a ɗiga ruwan a kan ƙyallen, ba a kan furosesar ba, a goge har rubutun da ke kan murfin ya fito tas kuma ƙyallen ya daina ɗaukar launi. Bakin murfi da lungunan da yatsa ba ya shiga, a bi su da tsinken auduga mai ɗan laima, ana mirgina shi ana sauyawa da zarar ya ɓaci. A kusa da kafasitoci dangwalawa ake yi a ɗaga, ba a gurzawa, domin wasu ba su kai ƙwayar gero ba kuma ɗan dalma ne kawai ke riƙe da su. Idan ɗan burbushin man kashin farko ya maƙale a tsakaninsu ya ƙi fita, barin sa ya fi tilasta masa.

Tafin ƙarfen ma haka za a yi masa. Wanda bututun jan ƙarfe suka fito fili a tafinsa yana da ƙananan kwaruruka a tsakanin bututun, sai a bi su da tsinken sakace. Idan an gama, kada yatsa ya sake taɓa ko ɗaya daga fuskokin biyu, domin maiƙon fata ma shamaki ne. A jira mintuna kaɗan su bushe.

Idan ya shiga gurbi

Wannan shi ne sashe mafi wuya. Tun 2004, lokacin da Intel ya fito da gurbin LGA 775, allurai suka koma jikin gurbin da ke kan babban allo, ƙasan furosesar kuwa ya zama ɗige-ɗigen zinariya a shimfiɗe. Gurbin LGA 1700 yana da allurai 1,700, AM5 na AMD kuma yana da 1,718. Kowace allura ɗan siririn sufurin ce da ke kwance a karkace, kuma gashin auduga guda ɗaya yana iya maƙale ta ya karkatar da ita. Saboda haka ƙyalle da auduga da yatsa ba sa shiga irin wannan gurbi. Yawancin kamfanonin da ke ƙera babban allo kuwa ba sa karɓar allon da allurarsa ta lanƙwashe a ƙarƙashin garanti.

Idan man a kan robar gefen gurbi ya tsaya, nesa da allurai, ana iya ɗauke shi da bakin tsinken sakace. Idan ya hau kan allurai, sai a fitar da allon daga akwati, a cire ɗan batirin da ke jikinsa, a karkata shi, a riƙa ɗiga ruwan aisofurofil mai kashi 99 da sirinji ba tare da bakinsa ya taɓa komai ba, har ruwan ya narkar da man ya kwarare da shi. Idan buƙatar buroshi ta kama, a bi da shi a hankali ta gefen da alluran suka kwanta, ba a komawa da shi baya. Daga nan a bar allon ya bushe na sa'o'i da dama, kwana guda ya fi, domin ruwan yakan ɓuya a ƙarƙashin gurbi.

Wanda bai taɓa irin wannan aiki ba, abin da ya fi masa shi ne ya kai allon wurin mai gyaran da ke da madubin ƙara girma. Manyan masu gyaran waya da yawa suna da shi, kuma kuɗin aikinsu bai kai na sabon allo ba.

A furosesa mai allurai a jikinta, ana riƙe ta ta gefe a wanke alluran da buroshi mai laushi da aka jiƙa da ruwan. Ramukan gurbinta kuma da ruwan ake wanke su, ba a zura musu allurar ɗinki. Ɗige-ɗigen zinariyar ƙasan furosesa marar allurai ana goge su da ƙyalle mai laima, ana kauce wa kafasitocin da ke tsakiya idan akwai su.

Kwamfutar tafi-da-gidanka da katin hoto

A waɗannan babu murfin ƙarfe. Ƙarfen tsotse zafi yana zama ne kai tsaye a kan ƙwayar silikon, wadda take sheƙi kamar madubi kuma take ɓantarewa kamar gilashi, musamman a kusurwa. Kafin komai a zare wayar batirin ciki, domin kashe kwamfutar kaɗai ba ya raba allo da wuta. Sukurorin ƙarfen galibi suna da lambobi a gefensu, kuma bin lambobin ne ke hana matsi ya taru a gefe guda.

Ba abin mamaki ba ne a buɗe irin wannan kwamfuta a tarar man ya kewaye ƙwayar tun daga masana'anta. Yawancin kwamfutocin hannu da ake shigowa da su daga Turai da Amurka, waɗanda ake saya a kasuwanni irin su Computer Village a Ikeja da Farm Centre a Kano da Banex a Abuja, sun yi shekaru suna aiki kafin su iso, kuma man wasu ya bushe ya zama kamar ƙasa. Irin wannan ba a kankare shi da ƙarfi. A jiƙa shi da ruwan, a ba shi minti ɗaya ko biyu, sannan a goge.

Za kuma a ga wasu ƙananan faifai masu taushi a kan kayan da ke kewaye da ƙwayar. Su ma zafi suke isarwa, kuma kaurinsu, ko rabin milimita ne ko milimita 1 ko 1.5, an auna shi daidai da tazarar wurin. Ba a zubar da su, kuma ba a maye gurbinsu da mai. Idan ɗaya ya yage, a nemi mai kauri irin nasa, domin wanda ya fi kauri zai ɗaga ƙarfen daga kan furosesar.

Ruwan ƙarfe

Ruwan ƙarfe yana kama da zaiba a ido, amma da galiyam ake yin sa, wani ƙarfe da ke narkewa a kusan digiri 30 na ma'aunin Salshiyas, a gauraye da indiyam da kuza domin ya zauna a narke. Ya fi kowane mai isar da zafi, shi ya sa kamfanin Sony ya saka shi a PlayStation 5 da ya fito a 2020, kuma Asus ke saka shi a wasu kwamfutocinsa na jerin ROG. Bayan ɗaukar wuta, yana cin alminiyam har ya ruɓe, yana kuma barin tabo a jan ƙarfe.

Idan aka goge shi da ƙyalle yakan fashe ya zama ƙananan ƙwallaye su mirgina ƙarƙashin kayan allo. Ana zuƙe shi ne da sirinji, sannan a bi sauran da auduga mai laima, a duba wurin da madubi kafin a mayar da wuta. Mai na'urar da ke da irin wannan gara ya bar wa ƙwararre.

Sake shafawa da gwaji

A furosesa mai murfi murabba'i, ɗigo ɗaya a tsakiya kamar ƙaramar ƙwayar wake ya isa. Mai murfi dogo, irin ta LGA 1700, ta fi son siririn layi a tsaye ko ɗigo a tsakiya da ƙanana kusa da kusurwoyi. Ƙwayar da ba ta da murfi kuwa ana baza mata man siriri ya rufe ta duka. Sabon ƙarfen tsotse zafi yakan zo da leda a tafinsa, a tabbata an ɓare ta, kuma idan ya zo da nasa man a shafe, ba a ƙara wani a kai. Man goge baki da basilin da giris ɗin mota ba sa tsayawa a madadin man, domin wani yana bushewa cikin kwanaki, wani kuma yana narkewa ya zube.

A ɗora ƙarfen a miƙe, a ɗaure sukurorin kusurwa da kusurwa, a mayar da wayar fanka. Idan kwamfutar ta tashi, a duba ko tana ganin RAM ɗinta duka, sannan a auna zafinta da manhaja irin su HWiNFO ko Core Temp, tana zaune da kuma tana aiki mai nauyi. Furosesocin Ryzen 7000 an tsara su su kai digiri 95, da yawa daga na Intel kuma 100, kuma idan sun kai iyakar sukan rage gudu da kansu don kare kai. Wadda ke kai wannan iyaka ba tare da wani aiki ba, ƙarfenta bai zauna daidai ba ko fankarta ba ta juyawa.

Wajibi ne kuma a yi la'akari da zafin ɗaki. Fanka ba ta iya sanyaya furosesa ƙasa da iskar da take zuƙa, kuma kowane digiri da ɗaki ya ƙara, furosesa ma takan ƙara kusan hakan. A watannin Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a garuruwa irin su Sakkwato da Maiduguri, kwamfuta mai lafiya ma za ta nuna lamba mafi girma fiye da ta watan Disamba. Wannan ba dalili ba ne na sake kwance ta.

Mai nagari yana ɗaukar shekaru. Noctua, alal misali, ya ce NT-H1 yana iya kai shekara 5 a kan furosesa. Ƙura ce ta fi yawan jawo zafi, kuma kakkaɓe fanka da haƙoran ƙarfen bayan kowane hunturu ba ya buƙatar a ɗaga komai daga kan furosesa. Ga ofisoshi da makarantu da cibiyoyin jarrabawa ta kwamfuta, waɗanda suka yawaita tun da hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya kan kwamfuta a 2015, yana da amfani a riƙa rubuta ranar da aka sauya man kowace na'ura da sunan man da aka shafa. Mai kai kwamfutarsa wurin gyara shi ma yana da haƙƙin ya tambayi irin man da za a saka mata, ya ga sirinjin da idonsa, domin wannan bayani ne zai nuna wa duk wanda ya sake buɗe ta ko rarar da ya gani a gefe ta gogewa ce ko ta bari.